Yaya, Ga Amsar Batun Injin Ban-ruwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ya ƙoƙari da shirin noman rani? A gaishe min da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, a ce mata man zafin da ta ce yana tafe.

Na ji saƙonka na murya kan in sayo maka injin ban-ruwa mai sola a nan Dubai, da maganar da ka ji a kasuwar Hadeja cewa a Dubai in mutum ya sayi kaya gwamnati na mayar masa da kuɗinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya ba ka labarin ya haɗa hatsi biyu a buhu ɗaya.

Na farko shi ne harajin saye, wanda aka fara karɓa a nan a 2018, kashi 5 cikin ɗari. Namu na gida kashi 7 da rabi ne tun 2020. Baƙon da ya zo da bizar ziyara, in ya yi sayayyar da ta kai dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin, sai a haɗa rasidinsa da fasfonsa, ranar tafiya ya nuna a filin jirgi a mayar masa da mafi yawan harajin. To ni ba baƙo ba ne, takardar zama gare ni, don haka ko sisi ba zan gani ba.

Na biyu shi ne wanda nake gani kullum a siton da nake aiki a Jabal Ali, inda tashar jiragen ruwa take. Yawancin kayan da ke shigowa ƙasar nan kuɗin fitonsu kashi 5 ne, taba da giya ne ake tsawwala wa. Muddin kaya na cikin yankin da aka keɓe a tashar, ba a biyan komai sai ranar da za su shiga gari. In kuma ɗan kasuwa ya shigo da su gari da niyyar sake fitarwa, sai ya ajiye kuɗin a matsayin jingina, ya fitar da kayan cikin wata shida, ya kawo shaidar fita, a mayar masa. Duk ta kwamfuta ake yi. Ran da na fara ganin kuɗin maigidana sun dawo asusunsa ba tare da ya taka ko'ina ba, ba tare da ya ce wa kowa “a duba mana” ba, wallahi sai da na sake tambayar akawunmu ko kuskure aka yi. Dariya ya yi min.

Abin da ya fi burge ni ma ba mayar da kuɗin ba ne. Dirhami a ɗaure take da dala, 3.67 a dala ɗaya, tun 1997. Mutum zai yi lissafin kwantenarsa tun tana China, ta iso bayan wata guda, lissafin bai motsa ba. Mu kuwa duti, wato kuɗin fito, da dala ake auna shi a biya da naira. A farkon 2023 dalar kwastam ba ta kai naira 500 ba, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Ka tuna yadda 'yan Kwari suka yi ta kuka a lokacin? Kaya na kan ruwa, kuɗin fitarsu na ninkawa.

Sai mu dawo kan injinka. A Dera, unguwar kasuwanci ta Dubai, na zaga shaguna, kuma a ido ya fi araha. Amma shi ma daga China ya zo, kamar wanda ke Sabon Gari. In na saya sai na biya 'yan kago, su kuma da kilo suke awo, faifan sola ga nauyi ga saurin fashewa. Ya isa Legas a biya duti gwargwadon ajinsa, don jadawalin ƙasashen Afirka ta Yamma hawa biyar ne: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Injin da faifan da wayoyin ba lallai su faɗa aji ɗaya ba, a nan ejan ke samun bakin magana. Ban manta da keken ɗinkin da na aiko wa Yaya Babba ba, wanda wani ejan ya riƙe wata uku yana cewa a ƙaro, har kuɗin ajiya ya kusa kamo kuɗin keken. Babban ɗan kasuwa mai Fom M, wato takardar shigo da kaya, da kwantena guda yana raba wannan wahala a kan kaya ɗari, mu kuwa a kan inji ɗaya za ta sauka. Sannan in ya lalace a fadama tsakiyar ban-ruwan alkama, wa za ka mayar wa?

Don haka kuɗin zan turo ranar da aka biya mu. Ka shiga Kano da yaron nan mai gyaran sola, a gwada injin a gabanka da ruwa, a rubuta maka garanti a rasidi. Ka fara auna zurfin rijiyar burtsatsen kafin ka tafi, don shi za su fara tambaya.

Af, zoɓo na gani a kasuwar kayan ƙamshi ta Dera, ana awonsa a ɗan sikeli kamar zinare. In ka ji yadda buhu yake a Maigatari ranar Alhamis, ka sanar da ni.

Naka, ƙaninka.