Tinkercad ko Blender, wanne za a ɗauka don zana abin wasan yara?

Ana ta tambayata wannan, musamman masu son zana dodo mai fiffike ko 'yar mota su fitar a firintar 3D, na'urar da ke maida zanen kwamfuta ya zama abin da za ka riƙe a hannu. Tinkercad da Blender manhajoji ne na yin irin wannan zanen a kwamfuta. Kuɗi dai ba matsala, dukansu kyauta ne. Tinkercad na kamfanin Autodesk ne, cikin burauza yake aiki, sai da intanet, data kam za ta sha. Blender kuwa sau ɗaya za ka sauke shikenan, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi.

Wajen sauƙi Tinkercad ba dama, ka jawo akwati ka jawo ƙwallo ka manna su, wani ka maida shi rami ya huda inda taya za ta shiga, ko yaro zai iya. Blender sai an yi haƙuri wallahi, maɓallai sun yi yawa, amma da shi kake murɗa kunnen dodo da kumatunsa kamar laka a hannu. Haɗarinsa, in ka bar ɓaraka a jikin zanen firinta za ta ɓata maka aiki.

Malamin firamare da sabon shiga su riƙe Tinkercad. Mai son ya maida abin sana'a, har ya kai ga katun, Blender ne nasa.