Maganin karkarwar Baba, levodopa da carbidopa: abin da muka gani cikin shekara biyu

Jama'a salam. Tun da na saka hoton Baba yana zaune a shagonsa mutane ke ta tambayata wane magani ne ya tashe shi, to bari in faɗa gaba ɗaya yau, har da abin da bai min daɗi ba.

Baba tela ne a nan Garwa, kusan duk rayuwarsa kan keken ɗinki. Abin ya fara da hannun dama, yana zaune kawai sai ka ga babban yatsa da manuni suna motsi kamar mai jan carbi alhali babu carbi a hannun, daga nan tafiya ta koma guntu-guntu, fuska ta daskare, saka zare a allura ya gagara. Wasu suka ce tsufa ne wasu suka ce hannu aka sa masa, mun sha rubutu mun yi hayaƙi, kusan shekara guda a haka. Sai da yayana ya ɗauke shi a mota zuwa Gaundare suka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, likitan ƙwaƙwalwa ya sa shi ya yi tafiya a gabansa, ya lanƙwasa masa hannu, ya ce cutar Parkinson ce, irin ta Muhammad Ali ɗan dambe. Ya rubuta ordonas, wato takardar magani, ta levodopa da carbidopa.

Wallahi cikin 'yan makonni muka ga canji. Ya fara tashi daga tabarma ba sai an kama shi ba, yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, muryarsa ta fito. Ni abin ya ɗaure min kai har na shiga bincike a waya, nan na ci karo da sunan Arvid Carlsson, wani masani ɗan Suwidin. A 1957 ya ba zomaye wani magani reserpine suka sandare ba sa motsi, ya yi musu allurar levodopa suka farfaɗo suka ci gaba da tsalle. Daga nan ya nuna cewa dofamin sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke aika saƙon motsi da shi. A 1960 wani masani a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Oleh Hornykiewicz, ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar ya tarar dofamin ɗinsu ya yi ƙasa sosai. Carlsson sai a 2000 aka ba shi kyautar Nobel. Ina kallon Baba yana alwala da kansa ina tuna zomayen nan, Allah mai iko, aikin da aka yi tun kafin a haife ni a ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Abin da na fahimta, ƙwayoyin halitta na ƙwaƙwalwa da ke yin dofamin ne ke mutuwa a hankali, shi kuma dofamin ko ka sha ba ya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, levodopa ce ke ratsawa ta rikiɗe ta koma dofamin a can. Carbidopa aikinta ta tsare ta kada ta rikiɗe a hanya, tana rage tashin zuciya kuma.

Amma fa ba warkewa ba ce, kada kowa ya ruɗe ku. Maganin nan yana son agogo fiye da yadda ɗan makaranta ke son ƙararrawar tashi, in aka yi lattin awa ɗaya za ka ga jikin ya fara ɗaurewa. Kuma ba ya shiri da nama da madara a lokaci guda, mu da fura da nono da kilishi ne abincinmu mun sha wahala kafin mu gane, yanzu Inna tana ba shi rabin awa kafin abinci. Farko-farko ya yi ta jiri in ya miƙe da sauri. Likita ya gaya mana bayan wasu shekaru ƙarfinsa kan riƙa ƙarewa da wuri, jiki ma yana iya fara wani motsi da ba shi ya sa ba, ya kuma ja mana kunne kada a taɓa daina shi farat ɗaya.

Nan ne babban ciwon kaina, samunsa. Akwai watan da na hau moto na zaga farmasi huɗu babu, sai da aka aiko mana daga kudu a motar haya, kwana uku muna ƙirga ƙwaya. Kuɗin ma ba wasa ba, duk wata ne, sefa tana tafiya. Wani maƙwabci ya ce mu nemo 'ya'yan karara tunda akwai levodopa a ciki, gaskiya ne akwai, amma ba ka san adadin da ke cikin kowane cokali ba, ni ban yarda a yi ba sai da sanin likita.

Azumin bana ya so ya ɗauka, muka roƙe shi ya ciyar, ya ji haushi sosai amma ya haƙura. Yanzu yana zuwa shago da safe ya yanka yadi yara su ɗinka, allura dai har yau ni nake saka masa zare.