Wasiƙa daga Dumfries: bankin talaka da limamin cocin da ya kafa shi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida. Ka tambaye ni yadda mai ƙaramin ƙarfi yake ajiye kuɗinsa a nan Sikotland, saboda abin da ya sami matan unguwarmu da uwar adashinsu ta kwanta rashin lafiya lissafi ya rikice. Na jinkirta amsa ne har na je na ga wani wuri da idona.

Kusa da Dumfries, garin da nake aikin kula da tsofaffi, akwai wani ƙauye a bakin teku da ake kira Ruthwell. A can ne a shekarar 1810 limamin cocin ƙauyen, Henry Duncan, ya buɗe bankin ajiya na talakawa a wani ɗan ƙaramin gida mai farin fenti, wanda har yau yana tsaye a gefen hanya. A zamanin, manyan bankuna ba sa buɗe wa mutum asusu sai ya kawo fam 10, kuɗin da ɗan ƙwadagon gona zai yi shekaru bai tara ba. Shi kuwa ya ce ko sisi aka kawo zai karɓa ya rubuta, kuma sisin nan shi ne dai wanda kakanninmu suka kashe tare da taro da sule kafin zuwan naira a 1973. A shekarar farko mutanen ƙauyen sun tara fam 151, ya kai kuɗin wani babban banki a Dumfries. Cikin 'yan shekaru garuruwa da yawa suka kwaikwayi tsarin, kuma bankin TSB na yanzu daga wannan zuriya ya fito.

An haifi Duncan a 1774, ya ɗan yi aikin banki a Liverpool yana saurayi, sannan ya zama limamin Ruthwell a 1799. Ɗarikarsu, wato Firesbiteriya, ba ta da bishop. Limami da zaɓaɓɓun dattawa ne suke tafiyar da coci tare, kuma ana ɗaukar kowane mazaunin yankin a matsayin amanar limamin, ko yana zuwa ibada ko ba ya zuwa. Da aka shiga tsadar abinci, ya sa aka kawo masara ta jirgin ruwa daga Liverpool aka sayar wa mabukata a kan kuɗin da aka saye ta, ya kuma samo wa mata zaren kaɗi domin su sami abin hannu. Ra'ayinsa shi ne sadaka tana kashe yunwar yini ɗaya, amma mutum ya fi samun mutunci idan abin da ya ajiye da guminsa ne ya fisshe shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya shugabanci babban taron cocin ƙasar a 1839, sai a 1843 ya bi sahun limamai fiye da 450 da suka fice daga cocin domin ba su yarda masu gonaki su riƙa naɗa wa jama'a limami ba. Yana dab da shekara 70 ya bar gidan coci da albashinsa, ya rasu a 1846.

Game da yau kuwa, buɗe asusu a nan ba ya bukatar ko kwabo, ba a cire maka komai idan ka tura kuɗi cikin ƙasa, kuma injin bango na banki yana ba ka kuɗinka ba tare da caji ba, saɓanin mai POS na bakin kasuwarmu da yake yankar nasa a kowace cira. Sai dai baƙo yana shan wuya. Wani banki ya mayar da ni sau biyu saboda ba ni da takardar shaidar adireshi, alhali mai gidan haya ba zai ba ni ɗaki ba sai na nuna asusu. A gida da BVN da lambar waya an gama. Haka kuma rassan bankuna suna ta rufewa a ƙananan garuruwa, tsofaffin da nake kula da su da yawa sai gidan waya suke zuwa su ciri kuɗi, kuma a wannan fanni na ga mai POS ɗinmu ya fi kusa da talaka, domin ya san fuskarsa, ya san gidansa.

Aikin taimako na coci bai mutu ba. A zauren wata coci da ke kusa da mu ana raba abinci kowane mako: taliya, shinkafa, madara, shayi da kayan gwangwani. Na taɓa raka wata 'yar Sudan da ta iso da 'ya'yanta, ba wanda ya tambaye ta addininta, kuma limamiyar, domin mace ce, ta ware mata abin da babu naman alade a ciki tun kafin mu yi magana. Duk da haka ciyarwarmu ta azumi ta fi wannan ɗumi, tunda a can ana zama a ci tare, a nan kuwa jaka ake miƙa maka ka wuce.

Na san za ka ce bankin Duncan yana ba da kuɗin ruwa, kuma gaskiya ne, ba wannan nake so mu ɗauka ba. Abin da nake so ka kai wa matan unguwa shi ne kowace ta riƙe nata ɗan littafi, a rubuta zubinta a gabanta, kuɗin kuma ya kwana a asusun bankin da ba ya mu'amala da ruwa, da sa hannun mutum uku. Ka nemi limamin masallacinmu da mai unguwa su zama shaidu. Kuɗin littattafan da na rajista ni zan turo a ƙarshen wata, in Allah ya yarda.

Ƙaninka.