Zaman masu gwada manhaja na daren Asabar, ga yadda na same shi

Masu tambayata kan zaman nan da ake yi ta Zoom na masu gwajin manhajar kwamfuta, bari in amsa gaba ɗaya a nan tunda ni ma biya nake ina shiga. Wata baiwar Allah ce ke gudanar da shi, Bahaushiya haifaffiyar Madina da ta daɗe tana wannan aikin a Riyad, mu dai Anti muke ce mata. Duk Asabar bayan isha'i ake zama, yawancinmu 'yan Jidda da Makka ne, sai 'yan'uwanmu na Sudan da yaƙin 2023 ya watso, da wasu 'yan Kano da ke faɗowa daga sallame magariba tunda mun riga su da awa biyu. Kuɗin wata bai kai na mandi, shinkafa da naman nan, faranti biyu ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne Anti ba ta cika magana ba. Tsarin Lean Coffee take bi a rabin farko, kowa ya rubuta abin da ya dame shi a wurin aiki cikin satin, a kaɗa ƙuri'a, wanda ya fi samu a fara da shi, ta saita agogo na 'yan mintuna, in ya buga a ɗaga yatsa sama ko ƙasa, a ci gaba ko a wuce. Da farko sai ka ga kamar wasa amma wallahi shi ke hana mutum ɗaya ya cinye daren, don akwai wani babban yayanmu da in ya kama makirfo sai dai Allah, ita kuwa cikin ladabi za ta ce "Yaya ajiye mana a nan, mu ji ƙanwarmu da ba ta ce komai ba tun ɗazu", shi ke nan ba wanda ya ji haushi.

Rabi na biyu ne inda kuɗina ke fita. Tana da wani fom na rajista da ta gina da gangan ta cusa masa kurakurai, mutum ɗaya ya nuna sikirin ɗinsa yana dannawa, sauran suna gaya masa abin da zai gwada. Kuma kurakuran irin na ƙasar nan Saudiyya ne, waɗanda kwas ɗin Turawa ba ya kawowa. Lambar igama, wato katin zaman baƙo, guda 10 ce tana farawa da 2, ta ɗan ƙasa da 1, to me fom zai yi in ka ba shi lamba guda 9, ko 11, ko ka fara da 3? Wata 'yar Sudan ta ce a rubuta lambar da alƙaluman Larabci, nan take fom ya ce ba lamba ba ce, alhali rabin mutanen da za su cike shi haka kibod ɗinsu yake. Muka zo kwanan wata na Hijira, aka zaɓi 30 ga watan da kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ta ba shi kwana 29, ya karɓa ba ko gezau. Ga harajin kashi 15 da ke barin halala ɗaya, wato kwabon riyal, tana yawo tsakanin jimillar kaya da rasit, ga lambar waya da ke birkicewa in shafi ya koma daga dama zuwa hagu. Bayan nan kowa ya rubuta rahoton kuskure ɗaya yadda zai sa shi a Jira, manhajar da ake shigar da rahoton kurakurai a wurin aiki, a karanta, a tambaye shi ko mai rubuta manhajar zai iya maimaita abin daga bayanin nan kawai. Nan ake jin jiki gaskiya.

Inda ban ji daɗi ba, har yanzu Zoom na kyauta take amfani da shi, minti 40 ya yanke kowa ya sake shiga, kuma kullum sai an rasa wasu a hanya musamman masu raunin netwok. Ba a naɗar zaman, ta ce saboda sirrin kamfanonin mutane, na yarda da hujjar amma ko taƙaitaccen rubutu ai a turo wa wanda dawam, wato lokacin aiki, ya riƙe. Sannan 'yan otomeshin, masu sa kwamfuta ta yi gwajin da kanta, in suka fara musun kayan aikinsu Selenium da Playwright sabon shiga sai ya zama ɗan kallo, ya kamata a ware musu nasu daren.

Mai neman satifiket ɗin ISTQB, wato shaidar ƙwarewar masu gwajin manhaja, kuma kar ya zo da zaton za a bi masa silabas babi babi. Jarrabawar matakin farko tambaya 40 ce, sai ka ci 26 ka wuce, kuma silabas na 4.0 da ya fito 2023 sai ka zauna ka karanta da kanka, a zaman ana taɓa gwajin iyakar lamba da raba bayanai aji aji ne kawai in aiki ya kawo su. Ni dai na sabunta na watan gobe, kuma Anti in kin ga wannan don Allah a ƙara mana riyal kaɗan a biya Zoom ɗin nan.