Hoton CT mai allurar rini a kan murɗewar hanjin manya: ya cancanci kuɗinsa

Wasu ana haihuwarsu hanjinsu bai kammala juyawar digiri 270 da yake yi tun a mahaifa ba. Sai mutum ya girma yana fama da ciwon ciki bayan cin abinci da koren amai, ana ta ba shi maganin olsa.

A nan CT, hoton da ke nuna cikin jiki daki-daki, ya yi wa sauran hotuna fintinkau, musamman in an yi allurar rini, ruwan da ke sa jijiyoyin jini su fito sarai a hoton. Eksire sau da yawa ba ya nuna komai, sikanin ultrasound kuma iskar hanji na tare masa gani. CT kuwa yana nuna ƙaramin hanji ya taru a dama, babban ya koma hagu, jijiyoyin jinin hanji biyu sun yi musayar wuri. In hanjin ya riga ya murɗe, za a gan shi ya nannaɗe jijiyar kamar gammo. Wannan tiyatar gaggawa ce, domin jini ya fara yankewa.

Kafin a ɗauki hoton, akan gwada ƙoda saboda rinin a kuma bar ciki ba abinci na awa 4 zuwa 6.

Aibin CT tsada, kuma in an yi shi ba rini, ko mai karanta hoton bai bi hanyar farkon hanji ba, cutar na iya kuɓuce masa. Ka roƙi likitanka ya rubuta zarginsa ƙarara a takardar neman hoton.