Hedifon uku masu tsada a Garwa, da batun rodaj da masu sayarwa suke yawan yi

Duk wanda yake aikin naɗar murya a Garwa ta ƙasar Kamaru, ko na wa'azi ne, ko na sanarwar rediyo, ko na mawaƙan biki, ya san cewa hedifon ɗin da ake sayarwa a teburin masu caja da batir yana ɓoye masa abubuwa da yawa, kuma sai ranar da aka sa aikin a babbar lasifika a gaban jama'a sannan aibin yake fitowa fili. Wannan ne ya sa wasunmu suka fara zuba kuɗi a kan hedifon na ƙwararru, irin waɗanda ba a samu a rumfunan babbar kasuwa, sai dai a yi odarsu daga Duwala, ko a ba mai dawowa daga Faransa ko Dubai sautu. Uku daga cikinsu sun daɗe a hannuna har na san halinsu: Sennheiser HD 600, da Beyerdynamic DT 770 Pro mai ohm 250 (ohm ma'auni ne na yadda hedifon yake turje wa wutar da ke shigarsa), da kuma HiFiMan Sundara, wanda na wani abokin aiki ne amma muna musayarsa. Kuɗin ba na wasa ba ne, domin Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kuma HD 600 kaɗai yana iya haura sefa dubu 200 tun kafin a zo kan kuɗin duwan, wato kwastan, da na ɗauko.

Na gwada su duka da ampili guda, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kuma na daidaita ƙarfin sautinsu kafin in saurara, domin kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a sananniya: wanda ya ɗan fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, ko da bambancin bai wuce desibel 1 ba. Abin da na saurara kuwa shi ne abin da nake aiki da shi kullum, wato karatun Alƙur'ani, da muryar mai karanta labarai da Hausa da Fulatanci, da kalangu, da goge, da garaya, da algaita, sannan 'yan waƙoƙin zamani masu nauyin bes.

HD 600 na kamfanin Jamus ne, ya fito tun 1997, kuma har yau ana ƙera shi kusan yadda yake, abin da ba kasafai ake gani ba a kayan lantarki. Bayansa a buɗe yake, da raga, don haka iska tana shiga tana fita, sauti ma haka. Inda ya yi fice shi ne muryar mutum. Idan mai karatu ya ja madda, ana jin muryar tana tsaye a gabanka, babu kumburi a ƙirji kuma babu kaifi a baki, har numfashin da yake ɗauka tsakanin aya da aya ana jinsa a matsayinsa. A maganar Hausa kuwa, bambancin k da ƙ, da na d da ɗ, yana fitowa tsaf ba tare da an matsa kunne ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake yanke murya yana haɗawa. Goge shi ne abin da ya fi gamsar da ni a kansa. Goge kayan kiɗa ne mai wuyar sha'ani a hedifon, domin ƙarar izgar da ake gogawa tana iya zama zagi ga kunne idan sama, wato siririn sauti, ta yi yawa, ko ta ɓace gaba ɗaya idan an danne ta. A HD 600 ana jin izgar, ana jin ƙoƙon da fatar, kuma babu wanda ya danne wani. Kalangu ma yana magana yadda ya kamata, hawa da saukar muryarsa a bayyane, ta yadda wanda ya san take zai gane abin da makaɗin yake faɗa.

Rauninsa a ƙasa yake, wato a sauti mai kauri. Daga wajen Hz 100 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa ƙasa bes ɗinsa yana raguwa a hankali, don haka babbar ganga tana zuwa da siffarta amma ba ta zuwa da nauyinta, kuma matashin da ya saba da waƙoƙin da ke girgiza mota zai ce sautin ya rame. Sannan ohm 300 gare shi, waya kaɗai ba ta ciyar da shi yadda ya kamata; zai yi ƙara, amma a sanyaye, sai an haɗa shi da ampili ko na'urar naɗar sauti mai ƙarfi. Buɗaɗɗen bayan nan kuma yana da farashinsa a garinmu, domin idan janareton maƙwabci ya tashi, ko 'yan acaɓa suna wucewa a bakin titi, duk tare za ka saurare su.

A nan ne DT 770 Pro yake shigowa. Shi ma na Jamus ne, daga garin Heilbronn, asalinsa tun tsakiyar shekarun 1980, kuma bayansa a rufe yake. Yana tare hayaniyar waje gwargwado, kuma, mafi muhimmanci ga mai naɗa, sautinsa ba ya tsiyayowa ya shiga makirfo lokacin da mawaƙi yake sanye da shi. Bes ɗinsa ya fi na HD 600 zurfi da nauyi, ganga tana dukan ƙirji, kuma a minti biyar na farko kusan kowa shi yake zaɓa. Sai an zauna da shi ake gane cewa an ɗaga ƙasa, an ɗaga sama, muryar mutum kuma ta ɗan ja baya a tsakiya. Saman nan yana da kaifi, kuma harshenmu cike yake da s da sh da ts, don haka mai karanta labaran da ya ce “tsatsauran matakai” ko “shugabannin sassa” zai soke ka a kunne fiye da yadda ya yi a zahiri. Algaita a kansa tana da gajiyarwa idan an daɗe. Amma wannan kaifin shi ne amfaninsa a wurin aiki, domin duk wata shewar waya, ko ƙarar fanka, ko tsakin leɓe da ya shiga naɗi, DT 770 zai nuna maka shi tun kafin ya kai ga mai sauraro. Ni dai da shi nake farautar aibi, amma ba na yarda in daidaita murya da shi, domin wanda ya yi haka yakan rage saman da ba shi da laifi, aikin ya fito a dushe. Farashinsa bai kai rabin na HD 600 ba a mafi yawan lokuta, kuma ƙarfen kansa yana jure jifa da faɗuwa.

Sundara na kamfanin Sin ne, kuma ƙirarsa daban ce: maimakon ƙaramar lasifika mai naɗin waya, wata siririyar fata ce shimfiɗe tsakanin maganaɗisu, tana motsi gaba ɗayanta. Sakamakon shi ne bes mai sauka ƙasa sosai ba tare da kumburi ba, da kuma sarari tsakanin kayan kiɗa wanda ya fi na sauran biyun faɗi. Garaya a kansa abin so ce, kowace tsirkiya da tashinta da mutuwarta. Murya ba ta kusanto ka kamar a HD 600, kuma nauyinsa ya haura giram 370 alhali sauran biyun suna wajen 260 zuwa 270, bambancin da wuya take ji bayan dogon zama. Ko da yake ohm 37 ne kawai, yana shan wuta, shi ma yana son ampili.

Yanzu sai maganar rodaj, wadda ita ce ta fi damuna. Ana cewa sabon hedifon ba ya ba da ainihin sautinsa sai an bar shi yana kiɗa ba tsayawa na awa 100, wasu su ce 200, wasu ma fiye, kamar dai sabon babur da ake lallaɓawa kafin a sake masa wuta. Maganar tana da tushe, ba a banza ta taso ba. A babbar lasifika, robar gefe da ƙyallen da ke riƙe da mazugin suna yin laushi bayan an fara amfani da su, kuma ana iya auna wannan canjin. Sai dai fatar hedifon ƙarama ce ƙwarai, motsinta kuma ɗan kaɗan ne, don haka abin tambaya shi ne ko canjin yana kai wa inda kunne zai kama. Tyll Hertsens, wanda ya yi shekaru yana auna hedifon a Amurka, ya gwada wannan a kan AKG Q701, dangin da aka fi yi wa wannan magana, kuma canjin da na'urorinsa suka nuna ƙanƙane ne. Masu gwajin kayan lantarki na shafin RTINGS na Kanada ma sun bar wasu hedifon suna kiɗa har awa 120, ba su sami canjin da za a ce rodaj ne ya kawo shi ba. Ɗan gyara zaman hedifon a kai, a matsar da shi gaba ko baya kaɗan, yana canza sauti fiye da abin da aka auna na rodaj.

To, me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa cewa sun ji canji? Ni ina ganin sun ji, amma ba a inda suke tsammani ba. Na farko, kunne da ƙwaƙwalwa suna sabawa. Wanda ya baro DT 770 ya sa HD 600 zai ji kamar an zare bes, bayan mako biyu kuma zai ce bes ɗin ya buɗe, alhali shi ne ya daina neman wanda ya saba da shi. Kuma ba wanda yake iya riƙe ainihin launin sauti a ransa na tsawon makonni har ya kwatanta, domin irin wannan tunawa cikin daƙiƙu take dushewa.

Na biyu, kuma shi ne wanda ake iya taɓawa da hannu, shi ne soson kunne. Lokacin da abokin aikina ya sayo sabon HD 600, mun ajiye shi kusa da nawa wanda ya sha aiki, kuma bambancin a fili yake: sabon ya fi haske a sama, nawa ya fi ɗumi da kauri. Nan take ya ce, “Malam, ka ji aikin rodaj ke nan.” Sai muka ɓalle soson biyun muka yi musaya, domin na HD 600 da hannu ake cire shi, ba sukurudireba. Soson nawa ya kwanta, ƙurar hunturu da zufa sun mayar da baƙin karammiskin ruwan toka, kaurinsa ya ragu yadda ido ma yana gani. Da muka sa shi a sabon hedifon, ɗumin ya koma can. Da muka sa sabon soso a tsohon, hasken ya dawo. Dalilin kuwa a bayyane yake, domin idan soso ya kwanta lasifikar tana matsowa kusa da kunne, sararin da ke tsakaninsu yana raguwa, sautin kuma yana canzawa. Ƙarfen kai ma yana saki da lokaci, kuma sabon HD 600 yana matse kai sosai a kwanakin farko.

Barin hedifon yana kiɗa a ƙarfin da ya dace ba ya cutar da shi, kuma ba ni da rigima da wanda yake jin daɗin yin haka, in dai wuta ta zauna masa, abin da ba kullum ake samu ba a watannin da ruwan madatsar Lagdo, wadda ke ba Garwa wutar lantarki, ya ja baya. Rigimata da mai sayarwar da yake amfani da kalmar ya rufe bakin mai saye. Na ga wani matashi ya koma wa wani ɗan kasuwa da hedifon wanda ɓangarensa na hagu ya fi na dama rauni, aka ce masa, “Yaro, ka yi haƙuri, sai ya yi rodaj tukuna,” har kwanakin da za a iya mayar da kaya suka wuce. Rodaj ba ya gyara ɓangaren da ya fi wani ƙara, ba ya gyara karkarwa idan bes ya sauka, kuma ba ya mayar da jabu ya zama na asali. Waɗannan aibi ne da ake ganewa a ranar farko: a sa murya guda wadda aka naɗa a tsakiya, a ji ko tana tsaye a tsakiyar kai, sannan a juya hedifon ɗin hagu zuwa dama a ga ko karkatar ta bi hedifon ko ta tsaya a kunne guda. Haka kuma wanda bai ji daɗin halin sautin ba a makon farko, kada ya bari a ce masa ya jira awa 200.

Ga mai zama a ɗaki shiru yana daidaita murya ko yana sauraron karatu, HD 600 nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba. Mai naɗa a wuri mai hayaniya, ko mai bin mawaƙa gidajen biki, DT 770 ya fi masa, kuma idan da waya ko ƙaramar kwamfuta zai yi aiki, ya nemi mai ohm 32 ko 80, ya bar mai 250. Ya kuma sani cewa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, rufaffen hedifon yana dafa kunne, sai an riƙa cire shi ana shan iska. Sundara kuwa yana buƙatar akwati mai murfi daga Disamba zuwa Fabrairu, domin ragarsa a buɗe take ga hazo, kuma siririyar fatar nan ba abin da ake gogewa da tsumma ba ce. Duk wanda aka zaɓa, a haɗa da soso na canji a cikin oda guda, domin a yanayinmu ya fi saurin kwantawa fiye da a ƙasashen da aka ƙera shi, kuma aiko da soso kaɗai daga Turai zuwa Garwa yana iya cin kuɗin da ya kai na soson kansa.