Baseball-Reference: inda nake zuwa idan gardamar MVP ta yi zafi

Masu bin wasan besbol na Amurka, in dai kuna shiga gardamar MVP, wato kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, to ku riƙe shafin intanet na Baseball-Reference, kyauta ne, tun 2000 Sean Forman ya kafa shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ɓangaren ƙuri'un kyaututtuka, ka zaɓi shekara kawai sai ya jero maka wanda ya ci da makin da kowa ya samu, ga kuma alƙaluman wasansu a gefe har da WAR, wato lissafin nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa.

Ai ka san ba kwamfuta ke zaɓen nan ba, 'yan jaridar ƙungiyar BBWAA ne, wato ƙungiyar marubutan besbol ta Amurka, yanzu mutum 30 a kowane lig cikin biyun, kuma ɗan jarida mutum ne, yana da wanda jininsu ya haɗu da wanda bai haɗu ba. Buɗe 1995 ka sha mamaki. Albert Belle na Cleveland ya buga hom ron 50 (bugun da ke ba mutum damar zagaye fili ya ci maki) da dobul 52 (bugun da ke kai shi zango na biyu) a kakar da ma ba a buga ta cikakkiya ba, amma Mo Vaughn aka ba, kowa kuma ya san Belle ba ya ga maciji da 'yan jarida, wallahi in ka jera lambobin su biyun nan sai ka rasa ta ina aka bi. Ted Williams ma haka ya sha, a 1947 ya fi kowa a manyan rukunai uku na bugu, wato hom ron, da RBI (makin da bugunsa ya jawo wa ƙungiya), da matsakaicin nasarar bugu, amma Joe DiMaggio na Yankees ya doke shi da maki ɗaya tal, 202 da 201. Na Pedro Martinez a 1999 kuwa mutum biyu ko sunansa ba su rubuta ba.

2012 ce dai har yau ake musu a kai. Miguel Cabrera hom ron 44, RBI 139, ya kwashe ƙuri'ar farko 22, Mike Trout 6 kacal alhali WAR ɗin Trout ya haura 10, na Cabrera bakwai da 'yan kai. Ni a nan ban cika ganin laifinsu ba gaskiya, Cabrera ya haɗa rukunai ukun nan, rabon da wani ya yi haka kuwa tun 1967, dole labari ya ja mutane. Kuma shi WAR ɗin ba wahayi ba ne, na FanGraphs, wani shafin alƙaluman besbol, daban yake fitowa don lissafinsu ba ɗaya ba.

Matsalar Baseball-Reference: komai da Turanci, teburan sun yi wa allon waya faɗi sai kana ja hagu da dama, ga talla. Ba ya kuma nuna maka wane ɗan jarida ya zaɓi wa, wannan sai ka je wurin BBWAA ɗin kansu. Akwai ɓangarensa na kuɗi, Stathead, don zurfin bincike, amma in don gardamar majalisa ce na kyautan ya isa.